Baniya mai araha ko Mitutoyo, wacce zan saya?

Sabon Oga: Slm jama'a barkanmu da dare. Dan Allah shawarar manya nake nema. Ogana ya yaye ni, na kama ɗan shago ina aikin injin mota da janareto da injin ban ruwa, yanzu ina ta harhaɗa kayan aiki a hankali a hankali. To na zo kan baniya, wato abin awon nan mai baki biyu da ake auna kauri da faɗin ƙarfe da shi. Na shiga kasuwa aka nuna min kala uku, akwai ta roba baƙa mai batir, akwai ta ƙarfe mai batir 'yar Chaina, sai kuma Mitutoyo 'yar Japan da mai shagon ya ciro daga can cikin durowa yace kuɗinta zai sayi 'yar Chainan guda goma har da canji. Ni kuma duk na gwada su a kan noti ɗaya, lamba ɗaya suka ba ni. Shine nace wai me mutum yake saya a mai tsadar nan, suna ne kawai ko akwai wani abu?

Ɗan Panteka: Suna ne ƙanena, kada ka bari a ci kuɗinka. Mu nan injin casar shinkafa da injin markaɗe muke ƙerawa daga farko har ƙarshe, da 'yar Chaina muke awo, kuma injinanmu suna can suna aiki har Nijar da Chadi. Ka sayi ta ƙarfen, ragowar kuɗin ka ƙara sifana da jak. In ta lalace ka jefar ka sayi wata, in yaron shago ya yar da ita a ƙasa ba za ka kwana da hawan jini ba.

Baban Gareji: Ɗana kafin a ba ka amsa, me za ka dinga aunawa da ita?

Sabon Oga: Baba Allah ya ƙara girma. Komai da komai dai, fistin, kiranshaf, boris, bawul, duk abin da ya zo.

Baban Gareji: To nan ne gizo ke saƙar. Kiranshaf ba a auna shi da baniya, ko ta Mitutoyo ce, ko ta zinare ce. Wannan aikin maikiromita ne, abin awon nan da ake murɗawa ya matse ƙarfe, ya fi baniya kama ƙananan lambobi. Tsakanin kiranshaf da metal ɗinsa, wato ɓawon ƙarfen da yake juyawa a ciki, akwai ɗan fili da baƙin mai ke kwanciya, a yawancin ƙananan motoci bai wuce 0.02 zuwa 0.05 na milimita ba, wato ko kaurin gashin kanka bai kai ba. Ita kuma baniya mai kyau, ta asali fa nake faɗa, kamfanin da kansa ya rubuta tana iya yin sama ko ƙasa da 0.02. Ka ga kuskurenta kaɗai ya cinye filin da kake son aunawa. Sai ka ɗaura inji, ya yi sati biyu fitilar baƙin mai ta fara kiftawa, kafin wata ya buga, mai mota ya dawo yana zage-zage a bakin shagonka, kai kuma kana rantsuwa ka auna.

Ɗan Panteka: Baba ai kun shigo gefena kenan, tunda mai tsadar ma ba za ta yi ba gara ya sayi mai arahar hhh

Baban Gareji: Ban shigo gefen kowa ba Ɗan Panteka. Cewa nayi tambayar ce ba a ɗora ta daidai ba. Kuɗin nan da yake tunanin zubawa a baniya guda ɗaya, ya raba shi, ya sayi baniya matsakaiciya ta aikin yau da gobe, ya nemi maikiromita mai kyau na 25 zuwa 50 da na 50 zuwa 75, su ne za su kama masa yawancin kiranshaf ɗin da za a kawo masa.

Sabon Oga: Au wai ba guda ɗaya ba ne yake auna komai?

Baban Gareji: A'a. Kowanne milimita 25 kawai yake ci. 0 zuwa 25, 25 zuwa 50, 50 zuwa 75, 75 zuwa 100, haka suke tafiya. Fistin ɗin mota sai ka kai na 75 zuwa 100. Ogan naka bai nuna maka ba?

Sabon Oga: Gsky mu wajen masu yanka kiranshaf muke kaiwa, su ce mana 010 ne ko 020 mu je mu sayo metal.

Baban Gareji: Haka akasari ake yi, kuma shi ya sa ake ta rigima da mu masu yanka. In inji ya buga bakanike yace mai yanka ne, mai yanka yace bakanike ne, babu wanda ya auna kafin a ɗaura balle a san mai gaskiya. 010 ɗin nan da kuke faɗa lissafin inci ne, kashi goma cikin dubu na inci, a milimita 0.25 kenan, 020 kuma 0.50, 030 shine 0.75. In aka yanka maka ka dawo shago, ka goge wuyan kiranshaf ɗin tas, wato inda metal ke zama, ka auna shi a gefe biyu, tsaye da kwance, sannan farkon wuyan da ƙarshensa. In lambobin sun bambanta to wuyan ya yi ƙwai ko ya yi tsini, ka mayar musu tun kafin ka ɓata metal sabo.

Malam Poli: Assalamu alaikum. Baba ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi a kan abin da Sabon Oga yace wai dukkansu lamba ɗaya suka ba shi. Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai lambar da abu ke iya nunawa, akwai kuma gaskiyar lambar. Duk baniya mai batir, har ta roba wani lokaci, za ta nuna maka 0.01 a gilashinta, wannan ba wahala ba ne, lamba ce aka ƙara a sikirin. Tambayar ita ce in ta ce 47.00 shin abin 47.00 ne? Kuma in ka sake aunawa sau goma za ta maimaita? Kuma gobe fa, da bayan wata shida da ƙura ta shiga? Noti ɗaya a gaban mai shago ba zai gaya maka wannan ba. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce kuskuren abin awo ya fi filin da ake son aunawa ƙanƙanta sau goma, in ya gagara to aƙalla sau huɗu. Ɗan Panteka da yake yanka angil da faranti, in ya kuskure rabin milimita walda za ta cike, shi 'yar Chaina ta ishe shi har ta yi yawa. Amma ko shi ɗin, ina tambaya, wajen da boris ke zama a jikin shaf da me kuke aunawa?

Ɗan Panteka: Malam mu da hannu muke ji. Ana sassaƙa ana gwada boris ɗin, in ya fara kamawa sai a tsaya a buga shi da guduma.

Malam Poli: In ya wuce kuma ya yi sako-sako?

Ɗan Panteka: Sai a sassara wajen da fanc, ƙarfen nan mai tsini da ake bugawa da guduma, ya kama mana hhh, ai ba a rasa dabara

Mai Rewayin: Wallahi wannan fanc ɗin naku mu yake kawo wa aiki. Shaf ya dinga rawa cikin boris, rota ta dinga gugar jikin koyil, injin lantarkin ya ƙone a kawo mana, a ce waya ce ba ta da kyau. Allah ya ƙara muku basira ku ci gaba, kasuwarmu na buɗewa.

Ɗan Panteka: Kai dai faɗi gaskiya, wayar da kuke sawa ce rabi jan ƙarfe rabi alminiyam

Admin: Jama'a a dawo kan maganar awo dan Allah, rigimar 'yan walda da 'yan rewayin mun yi ta wancan satin ba mu gama ba.

Mai Rewayin: To ranka ya daɗe na dawo. Ni a wajena maikiromita na 0 zuwa 25 shine ido na. Waya mai lamba 30 kaurinta 0.315 ne, mai lamba 31 kuma 0.295, bambancinsu 0.02 kacal. Baniya mai araha in ka matsa da babban yatsa kaɗan lambar ta canza, in ka sassauta ta sake canzawa, to wanne za ka ɗauka? Ka sa siririya a inda ake son mai kauri fanka ta dinga zafi, ka sa mai kauri zagayen ya ƙi shiga ramin. Kuma in za ka auna tsohuwar waya sai ka ƙona fentin jikinta da ashana ka goge tukunna, in ba haka ba fenti kake aunawa. Nawa na hannu na saya, Moore & Wright ɗan Ingila, ya girme ni nesa ba kusa ba, har gobe in na rufe shi a sifili yake tsayawa.

Malam Poli: Abin da ya faɗa na matsa yatsa shine babban bambancin kayan biyu. Maikiromita yana da ɗan abin nan a ƙarshensa da ke yin ƙas ƙas ƙas, shi ake murɗawa ba jikin ba, don ƙarfin matsewar ya zama ɗaya ko waye ya riƙe. Zaren cikinsa duk zagaye ɗaya rabin milimita yake tafiya, an raba zagayen gida 50, kowane gida 0.01. Sannan abin da kake aunawa yana kan layi ɗaya da ma'aunin. Baniya kuwa ma'aunin yana sama, bakin yana ƙasa, in akwai 'yar rawa a jikin abin da ke zamewa sai bakin ya karkace, kuskuren ya ƙaru gwargwadon nisan abin daga gindin baki. Wani Bajamushe Ernst Abbe ne ya yi bayanin wannan tun 1890. Kuɗin da ake biya a mai tsada yawancinsa nan yake tafiya, ƙarfen da aka gasa ya yi tauri, bakin da aka goge ya haɗu daidai, da jikin da ba ya rawa.

Na Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni dai wagga mai batir ban yarda da ita ba ko kaɗan. Tawa Facom ta, marar batir, wadda aka karanta da ido, tun wurin maigidana ni gaje ta. Babu batir babu gilashi, ta faɗa cikin gazuwal ka ɗauko ka shafe ka ci gaba. Yaran yanzu ba su son koyon karatun layi shi ya sa, in batir ya mutu aiki ya tsaya. Mi za a yi da abin awon da ka jiran batir?

Ɗalibar Injiniya: Baba na Maraɗi gaskiyarku, amma fa ido ma yana yin nasa. A wokshof ɗinmu an ba mu ƙarfe ɗaya mu auna da mai layi ta 0.02, kusan kowa da amsarsa, saboda in ka kalli layin ta gefe sai ka ga wani ne ya haɗu ba wancan ba. Kuma wanda idonsa ya fara rauni ko yake aiki da yamma ba wuta fa?

Na Maraɗi: Ɗiyata wanga gaskiya ne, ni ma yanzu sai da tabarau.

Malam Poli: Kuma ita mai layin ba sabuwar fasaha ba ce, Pierre Vernier ɗan Faransa ya fito da dabarar tun 1631, sunansa ne ma ya bi ta. Mai layi ta kamfani mai kyau ta fi mai batir ta banza, wannan ba na ja.

Sola Zariya: Maganar batir ɗin nan bari in sa baki don na sha ganinta. Masu arahar nan in ka danna OFF gilashin ne kawai yake ɗaukewa, cikinta na nan yana shan wuta, shi ya sa za ka ajiye ta wata biyu uku ka ɗauko ka tarar ta mutu. Kuma kafin ta mutu ɗin sai ta fara hauka, lamba na tsalle, ka rufe ta ta nuna maka 0.3 ko ma 5 da wani abu. Maganinta ka dinga cire batir in ka gama, sannan ka nemi SR44 maimakon LR44, girmansu ɗaya amma SR ɗin wutarsa na tsayawa daram har ya kusa ƙarewa, LR kuwa a hankali yake sauka tun daga farko. Ta asali tana shekaru da batir ɗaya.

Sola Zariya: Mu ma a harkar sola irin wannan rigimar muke da ƙaramar mitar awon wutar nan rawaya. In batir ɗinta na 9V ya yi sanyi sai ta dinga ƙara lamba, batirin kwastoma yana 12 da ɗan wani abu ta ce maka 14, ka ce masa lafiya lau ka tafi, dare ya yi inbata ta hau kuka. Balle batirin lityam da tsakanin cikakke da rabi 'yan ɗigo ne. Amma ni abin da ya fi tsorata ni ba ƙaryar ba ce, ramin 10A ɗinta yawanci babu fis. Yaro ya manta waya a ramin ya kai ta kan soket ko kan fanel da aka jera ya haura 400V, sai dai ka ji tau a hannunsa. Ban ce kowa ya sayi mita mai tsada irin Fluke ba, amma akwai na tsakiya irin su Uni-T masu fis na gaske.

Ɗan Panteka: Kun ga ni kuma abin da ya hana ni sayen Mitutoyo ɗin ma, wa ya tabbatar maka ta asali ce? Kwali iri ɗaya, takarda iri ɗaya, har lambar jiki suna bugawa. Ka biya kuɗin Japan a ba ka Chaina da rigar Japan, ka ga an yi ba a yi ba. Ni da na sayi 'yar Chaina da sunanta na san me na saya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Baban Gareji: Nan kam ka yi gaskiya, jabunta ya cika gari. Har a intanet in ka ga an sa ta a rabin kuɗi ko kwata to ka wuce kawai.

Sabon Oga: To ya ake gane ta asalin?

Sola Zariya: Ta asali da SR44 take zuwa, in ka buɗe ka ga LR44 a kwalin sabuwa to ka fara zargi. Ka duba rubutun bayanta da kyau, na jabu wani lokaci harafi na ɓacewa ko fentin ya yi kauri. Lambar da ke jikinta ta dace da ta takardar gwaji. Sannan ka zame ta a hannu, ta asali sulɓi take kamar an shafa mai ba ta kartar komai, jabu za ka ji ƙaras ƙaras kamar da yashi a ciki, gefunanta ma suna da kaifi. Amma masu jabun suna ƙara wayo kullum, duk waɗannan ba hujja ba ce ɗari bisa ɗari.

Malam Poli: Shi ya sa ni nake cewa ku bar suna ku gwada kayan. Sabon Oga, kana da sabon boris 6204 na kamfani mai kyau a shago?

Sabon Oga: Akwai Malam, na injin ban ruwa.

Malam Poli: Madalla, ka sa shi a aljihu ka koma kasuwar. Wajensa milimita 47 ne, raminsa 20, kuma masu yin boris ba sa wasa da waɗannan biyun, kuskurensu bai wuce kusan 0.01 ba, shi ma ta ƙasa. Kada ka yi amfani da faɗinsa na 14, wannan an sassauta masa. Da farko ka sa farar takarda a bakin baniyar ka matse kaɗan ka ja, ta kwashe datti. Ka rufe ta ka ɗaga saitin rana, in ka ga haske na ratsawa tsakanin baki biyun ajiye musu abarsu. In babu, danna sifili, ka buɗe ta har ƙarshe ka rufe sau goma, wani da sauri wani a hankali, kowane karo ta dawo 0.00 ko 0.01. Sai ka auna wajen boris ɗin a can gindin baki, ka sake aunawa a tsinin baki, lambar kada ta bambanta fiye da 0.02 ko 0.03. Sai ƙananan kunnuwan sama ka auna ramin, nan ne masu araha suka fi faɗuwa, za ka ga waje daidai ciki kuma ta ce 19.90. In mai shago yana da guda biyar ka gwada duka ka zaɓi wadda ta fi, don irin waɗannan ba a tantance su ɗaya bayan ɗaya a kamfani, sa'a ce, wata ta fito da kyau wata ta fito a karkace daga kwali ɗaya.

Ɗan Panteka: Mai shago zai kore shi wlh hhh, ka zo sayen abin araha kana ɗaga shi sama kamar mai duban wata

Mai Kwano: Ku yi haƙuri in shigo da tawa matsalar. Ni rufi nake, kuma abin awon nan ya taɓa fitar da ni kunya. An kawo kwanon alminiyam wurin aiki an ce 0.55 ne, kuɗin 0.55 mai gida ya biya, ina taɓawa na ji ya yi laushi, na sa maikiromita ya ce 0.45, har da fentin a ciki. Da na yi shiru na buga, damina ta zo iska ta naɗe shi, sunana ne zai ɓaci ba na mai kawo kaya ba. Mutumin ya zo da tasa baniyar yana nunawa mai gida 0.55, ashe bai mayar da ita sifili ba, a rufe ma 0.10 take nunawa. Tun daga ranar duk wanda zai auna min abu sai nace rufe ta tukunna in gani.

Ɗalibar Injiniya: To rodi fa? Na ga ana ta cewa wai 12mm ɗin yanzu ba ya cika.

Malam Poli: Rodi ba a kama shi da baniya saboda gurzunan jikinsa, inda ka ɗora baki daban lambar daban. Sikeli ake sawa. Mita ɗaya na 12mm ya kamata ya yi kilo 0.888, cikakken tsawo na mita 12 kusan kilo 10.7 kenan. Na 16mm kuma kilo 1.58 a mita. Ki yanki mita ɗaya ki ɗora a sikeli, magana ta ƙare.

Baban Gareji: Akwai abu ɗaya da ba a taɓo ba, zafi. Na sha ganin yaro ya sauke ƙarfe daga kan inji da zafinsa ya kafa masa maikiromita nan take. Ko kiranshaf ya wuni a rana a bayan adaidaita sahu a watan Afrilu, ana saukewa a hau awo. Ni dai nace a ajiye shi a inuwa tare da abin awon a sha shayi tukunna. Malam kai ka san lissafin.

Malam Poli: Haka ne Baba. Duk kayan awon duniya a kan zafi digiri 20 aka daidaita su. Ƙarfe mai tsawon milimita 100 in ya fi abin awon zafi da digiri 20 yana ƙaruwa da kusan 0.023, alminiyam kuma kusan ninki biyu. Ka ga daidai da filin baƙin man da Baba ya faɗa ɗazu. In ƙarfe ne kake aunawa da ƙarfe kuma zafinsu ɗaya, tare suke buɗewa, babu matsala sosai ko da garin na 40. Matsalar in ɗaya ya fito daga rana ɗaya daga akwati. Har riƙe maikiromita a tafin hannu na tsawon lokaci yana ɗumama shi, shi ya sa ake manna masa roba a gindin. To wanda ya sayi na miliyan bai san wannan ba, da wanda ya sayi na araha ya sani, ni na biyun zan kai wa injina.

Ɗan Panteka: Alhamdulillah, Malam ya dawo layi

Malam Poli: Ban dawo ba, wanda ya sani kuma yake da mai kyau shi zan fara nema, in na rasa shi ne zan zo wajenka.

Na Maraɗi: Hhhh Malam ka kashe shi

Sabon Oga: Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka. Abin da na fahimta zan ɗauki baniya ta ƙarfe in gwada ta da boris, in tara kuɗin maikiromita. Amma sabo na asali gsky yanzu ba zan iya ba, na hannu fa? Akwai wani mai kayan gwanjo da na ga yana da su cikin akwatin katako.

Baban Gareji: Na hannu mai kyau ya fi sabo na banza, amma ka buɗe ido. Ka duba fuskokin nan biyu da ke haɗuwa, kada a samu tsaga ko tsatsa ko alamar an goge da sanfefa. Ka murɗa shi daga farko har ƙarshe, in ya yi tauri a wani wuri ya saki a wani wuri to zaren ya ci ko ya taɓa faɗuwa, bar shi. Sannan duk wanda ya wuce na 25 ba ya rufewa har ƙarshe, da ɗan sandan ƙarfe yake zuwa a akwatin, an rubuta 25 ko 50 a jiki, da shi ake duba sifilinsa, da kuma ɗan ƙaramin sifana na gyarawa. In babu sandan a rage maka kuɗi sosai. Kuma in ka saya kada ka ajiye shi a matse, ka bar ɗan fili, ka shafa masa mai kaɗan, kada ya kwana cikin akwatin sifanu. Ba a ba da aronsa, ko ɗan uwanka ne ya kawo aikin ka auna masa.

Malam Poli: In sabo kake so kuma na tsakiya, akwai irin su Insize, 'yan Chaina ne amma da sunansu suke fitowa da takardar gwaji, ba su ɓuya a bayan sunan wani ba. Chaina ba ita ce matsalar ba, suna yin mai kyau suna yin na banza, ɗan kasuwarmu ne yake zuwa yace a yi masa mafi araha. Manyan kamfanoni kuma da ake bin su da takarda suna kai nasu a gwada musu lokaci lokaci, hukumar kula da ingancin kaya ta SON tana da cibiyar awo a Enugu, amma mai shago ɗaya sandan nan da boris sun ishe shi.

Sabon Oga: Baba na tuna, na mai gwanjon nan akwai Starrett a ciki, amma lambobin jikinsa ba irin namu ba ne, 1 zuwa 2 aka rubuta, kuma layukan zagayen 25 ne ba 50 ba.

Baban Gareji: Na inci ne, ɗan Amurka. 1 zuwa 2 inci, wato 25.4 zuwa 50.8 a milimita, kowane layi kashi ɗaya cikin dubu na inci. Mu da shi muka koya, kuma ga mai aikin 010 da 020 ma ya fi sauƙi don kai tsaye yake ba ka. Sai dai littattafan injinan Japan duk milimita ne, kullum kana ninkawa da 25.4 a waya, ranar da ka gaji za ka haɗa lissafi. In ya yi araha ka ɗauka, amma kada ka biya sai an gwada. Ka ce masa ya ba ka shi zuwa Asabar, ka kawo min gareji bayan azahar mu ɗora shi a kan sandana na inci ɗaya mu gani.

Ɗan Panteka: In za ka je ka biya ta wajen mai shagon ka tambayar min kuɗin na 0 zuwa 25 ɗin, ba wai zan saya ba ne, wani ne ya aike ni

Mai Rewayin: Wanin nan sunansa fanc ko?